Yadda Ake Zuwa Kallon Ƙwallon Gelik a Dublin, Daga Filin Unguwa Zuwa Croke Park

'Yan'uwa da dama, musamman waɗanda ba su daɗe da sauka Ayalan ba, suna ta yi min tambaya iri ɗaya. Wannan ƙwallon da ake ɗauka da hannu ana kuma dukanta da ƙafa, wadda duk ranar wasanta unguwar Drumcondra ke cika maƙil da shuɗayen riguna, ta yaya mutum zai je ya kalla? Wani tikiti ne damuwarsa. Wani yana fargabar ko za a yi faɗa irin wanda yake jin labari a ƙwallon Ingila. Wata baiwar Allah kuma tambayarta ita ce inda za ta yi salla da abin da za ta ba yara su ci. Ga yadda nake yi, kuma ga yadda nake ba kowa shawara ya yi. Amma tun da wuri in faɗa maka ra'ayina: kada ka sa wasan ƙarshe na ƙasa a gaba tun ranar farko. Hanyar Croke Park, babban filin wasan na ƙasa da ke gefen Drumcondra, ta cikin unguwarku ta bi.

1. Fara sanin ɓangarenka

A wannan wasa ba a zaɓar ƙungiya yadda muke zaɓar Arsenal ko Barcelona a gidan kallo. Inda aka haife ka ko inda kake zaune, nan ne ɓangarenka. Mataki biyu ne: kulob ɗin unguwa, sai ƙungiyar gunduma, wadda ake tsamo 'yan wasanta daga kulob-kulob ɗin unguwannin. Babu sayen ɗan wasa, babu albashi. David Clifford, ɗan wasan gundumar Kerry, wanda yara ke bi suna neman sa hannunsa, malamin makaranta ne a Killarney, kuma kulob ɗinsa shi ne na ƙauyensu, Fossa. Wanda ya cika ido a gaban mutum dubu 80 ranar Lahadi, ana iya ganinsa a bakin aikinsa cikin makon.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka gano kulob ɗin da ke kusa da gidanka. Mazaunin Glasnevin yana da Na Fianna. Na Marino yana da St Vincent's. Ballymun akwai Ballymun Kickhams, Tallaght akwai Thomas Davis, Clondalkin akwai Round Towers, Balbriggan kuwa, inda 'yan Najeriya ke da yawa, akwai O'Dwyers. Ka je ranar Asabar da safe lokacin horon ƙananan yara, ka gaisa da masu horarwa, ka tambayi yadda ake rajista. Kuɗin zama ɗan kulob ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma yawanci akwai rangwame ga iyali. In kana da yara 'yan shekara 6 zuwa 13, akwai horon hutun bazara da ake kira Cúl Camps. Ta nan iyaye da yawa suka shigo. Ikem Ugwueru, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ta kulob ɗin garinsu Ennis ya bi har ya sa rigar gundumar Clare.

Hattara: kada ka raina wannan matakin ka ce kai kallo kawai kake so. Za ka ga amfaninsa in mun zo maganar tikiti.

2. Koyi ƙirga maki kafin ka bar gida

Kowane ɓangare mutum 15. Wasan manyan gundumomi minti 70 ne, 35 kowane rabi. Na kulob minti 60. Ragar irin ta ƙwallon ƙafa ce, sai dai sandunan gefe biyu sun miƙe sama sosai. Ƙwallo ta shiga raga, maki 3 ke nan, a ɗaga koriyar tuta. Ta bi ta saman sandar gicciye tsakanin dogayen sandunan, maki 1, a ɗaga farar tuta. Daga 2025 an ƙara na uku: wanda ya buga daga wajen wani zagayayyen layi mai nisan mita 40 ta wuce ta sama, maki 2, a ɗaga tuta mai ruwan lemo. Masu ɗaga tutocin su ne mutum biyun nan masu farar kwat da ke tsaye a gindin kowace raga.

Allon maki shi ne ke rikita baƙo. In ka ga 1-12, lambar farko gol ce, ta biyu maki. Ka ninka ta farko sau 3 ka haɗa da ta biyu, ya zama 15. Mai 0-16 ya fi mai 1-12 ke nan. A wasan ƙarshe na 2024 Armagh ta tashi da 1-11, Galway da 0-13, wato 14 da 13, maki ɗaya tak ya raba su. Ka gwada wannan lissafin sau biyu ko uku a gida, ya zauna maka.

Sauran dokokin idonka zai koya maka. Ɗan wasa ba ya wuce taku 4 riƙe da ƙwallo sai ya buga ta a ƙasa ko ya sake ta kan ƙafarsa ta dawo hannu. Ba a jifa da ita, sai dai a doke ta da hannu. Baƙin kati na nufin hutun dole na minti 10. Kuma dole kowace ƙungiya ta bar aƙalla mutum 3 a ɓangaren abokan karawarta. In ka ji fili ya kaure da ihu alhali ba ka ga an taɗe kowa ba, sau da yawa wannan dokar ake wa alƙalin wasa tuni.

3. Zaɓi wasan da za ka fara da shi

Shekarar wasa ta kasu. Gasar lig ta ƙasa tana farawa ƙarshen Janairu ta ƙare ƙarshen Maris. Daga Afrilu sai gasar larduna huɗu, Leinster da Munster da Connacht da Ulster, sannan a shiga neman kofin ƙasa, wato Sam Maguire, wanda tun 2022 ake buga wasansa na ƙarshe a watan Yuli. Da an gama wannan, 'yan wasa su koma kulob ɗinsu, kaka ta zama ta gasar unguwanni.

Ni inda na fi tura sabon zuwa shi ne Parnell Park da ke Donnycarney, cibiyar wasannin gundumar Dublin, a watan Satumba ko Oktoba. Filin ƙarami ne, kana jin karon kafaɗa da kafaɗa, kana jin uwa na kiran sunan ɗanta daga bayan shinge. A nan za ka gane cewa ɗan wasan da kake gani a talabijin, a unguwarsu ɗan gidan wane ne kawai. Da rarrafe yaro kan tashi. Bayan wannan sai wasan lig na daren Asabar a Croke Park, inda tikiti ke da sauƙin samu, cunkoso kuma bai kai na bazara ba. Wasannin ƙarshe na mata, da ake yi a Croke Park bayan an gama na maza, su ma wuri ne mai daɗin zuwa da iyali. A 2019 mutum 56,114 suka halarta.

4. Tikiti

Hukumar wasan, GAA, tana sayar da tikiti ta shafinta na intanet, ana kuma samu a wasu rassan shagunan SuperValu da Centra. Ka saya tun a gida. Zamanin miƙa tsabar kuɗi a bakin ƙofa ya wuce a manyan wasanni. In a waya tikitin yake, ka sauke shi tun kafin ka fita, ka cika wayar da caji, domin inda dubban mutane suka taru intanet kan yi nauyi.

Wasan lig na manyan rukunoni yana kamawa wajen Yuro 20 ga babba, yara kuma Yuro 5. Farashin na hawa yayin da gasa ke nisa. A 2024 tikitin wasan ƙarshe ya kai Yuro 100 a rumfar zama, Yuro 55 a wurin tsayuwa.

Ga inda mutane da yawa ke yin kuskure. Tikitin wasan ƙarshe na ƙasa ba a kai shi kasuwa. Duk da filin na ɗaukar mutum 82,300, rabawa ake yi ta hannun hukumomin gundumomi, su kuma su miƙa wa kulob-kulob, kulob ya ba 'ya'yansa, wani lokaci ta hanyar ƙuri'a. Wanda ya shekara yana kai yara horo, yana taya jan layin fili, yana tsayuwa cikin ruwan sama a wasan da ba kowa, shi ake fara tunawa. Ni ina ganin adalci ne, ko da yake yana hana baƙo mai kuɗi a hannu shiga. Dalilin da ya sa na ce ka fara da unguwa ke nan.

Hattara: kada ka sayi tikiti a hannun wanda ba ka sani ba a Facebook ko a bakin titi. Dokar da Ayalan ta kafa a 2021 ta haramta sayar da tikitin irin waɗannan filaye sama da farashinsa na asali, kuma ana samun na jabu. In wani ya ce yana da ragowa, ɗan kulob ɗinku ne ya fi cancanta ka yarda da shi.

5. Tsayuwa ko zama

Croke Park na da rumfunan zama uku: Hogan, Cusack da Davin. Sai ɓangaren tsayuwa, Hill 16, da ɗan yankin Nally a gefensa. A matakalar Hogan ake miƙa kofi. Sunan na Michael Hogan ne, ɗan wasan Tipperary da yana cikin mutum 14 da dakarun Birtaniya suka kashe a filin ranar 21 ga Nuwamban 1920. Ka riƙe wannan a ranka. Mutanen ƙasar ba sa ɗaukar wurin a matsayin filin wasa kawai.

Hill 16, wanda suke ce wa Hill kurum, shi ne zauren magoya bayan Dublin. Babu kujera, babu rufi. Matakalar siminti ce da jama'a ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ana waƙa tun kafin a fara har a tashi. 'Yan wasan Dublin a gaban wannan ɓangaren suke motsa jiki, su tako su gaishe da mutanensu. A wasan kusa da na ƙarshe na 2006, 'yan wasan Mayo sun riga su zuwa wurin suka kama motsa jiki, har aka yi ƴar hatsaniya, kuma har yau ana ba da labarin. Wannan zai nuna maka yadda suke ji da wurin. Matasa da dattawan tsakiyar birni, 'ya'yan Ballybough da Cabra da Finglas, nan iyayensu suka tsaya, nan su ma suke tsayawa.

In kai kaɗai ne ko da abokai, kuma ƙafarka na iya tsayuwar awa biyu zuwa uku, ka gwada Hill ko da sau ɗaya. Gani ya kori ji. In da ƙananan yara kake, ko da dattijo, ko da mai juna biyu, ka nemi kujera. Yaro ba ya hango komai a cikin tsayayyun manya, kuma bakin wasu ba shi da linzami in rai ya ɓaci. Benen sama na Cusack ko Hogan shi ya fi nuna tsarin wasa gaba ɗaya. Layukan gaba na ƙasa kuwa rufi bai kai kansu ba, ruwa na dukansu.

Game da fargabar faɗa: ba a raba magoya baya a wannan wasa. Mai koriyar riga ta Kerry na zaune kusa da mai shuɗiya ta Dublin, kowa na ihunsa, a tashi a yi musabaha. Akwai tsokana, irin wasan da ke tsakanin Katsinawa da Nupawa ko Fulani da Barebari: 'yan birni na yi wa na karkara ba'a, na karkara na ramawa. Ka saurara, ka yi dariya, amma kada ka ari kalmomin tsokanarsu tun ba ka san nauyinsu ba.

6. Shirin gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jaka kada ta wuce girman takardar A4, domin ba a shiga da wadda ta fi haka, kuma ana duba ta a ƙofa. Ka ɗauki rigar ruwa ko da gari ya waye da rana, lema kuwa tare wa na bayanka gani take yi. A wasan dare na Fabrairu sanyi na ratsa ƙashi: hula, safar hannu, safa mai kauri.

Jesi ba dole ba ce. Ta asali, wadda kamfanin O'Neills ke ɗinka wa Dublin, ta haura Yuro 70. A hanyar fili za ka tarar da masu talla suna shelar huluna da tutoci da wani saƙaƙƙen zaren ulu mai launin gundumomi da ake ɗaurawa a ka ko a hannu. 'Yan Yuro kaɗan ne, kuma ya wadatar. Ka tanadi 'yan canji dominsu. Launin Dublin shuɗi mai haske da shuɗi mai duhu. Kerry kore da ruwan gwal. Mayo kore da ja. Cork ja da fari. Armagh ruwan lemo da fari.

Abinci sai an kula. Da yawa daga abin da ake sayarwa a ciki da kewayen fili, tsiran nan na cikin burodi da sanwici, naman alade ne. Al'adar mutanen karkara ce su zo da burodinsu da filas ɗin shayi su ci a bayan mota, kuma suna da kyauta, za su iya miƙo maka. Ka yi godiya ka tambayi abin da ke ciki, ba wanda zai ji haushi. Mafi sauƙi ka ci ka ƙoshi a gida, ko ka biya ta titin Moore da Parnell inda shagunan halal suke, ka riƙo dabino da ɗan abin taɓawa na yara. Ana sayar da giya a harabar ciki, amma a wasannin GAA ba a shiga da ita wurin zama.

Salla kuma lissafi take so. Wasan ƙarshe ƙarfe 3:30 ake farawa. A bazara azahar na shiga wajen 1:30, la'asar sai kusan 6, saboda haka in ka yi azahar kafin ka shiga, ka fito ka tarar da la'asar. A wasan dare na hunturu magariba na riga wasa, ka yi ta tukuna. Akwai masallaci a titin Talbot, kusa da tashar Connolly, a kan hanyarka. Filin kansa ba baƙon Musulmi ba ne: ranar 31 ga Yulin 2020, lokacin korona, a kan ciyawarsa aka yi sallar Idin babbar salla, kuma an ci gaba da yi a shekarun da suka biyo.

7. Hanya

Ka bar mota a gida. 'Yan sanda na rufe titunan da ke kewaye da filin, wuraren ajiye mota na mazauna unguwa ne, kuma ana sa wa tayar mota mari. Mutanen nan gidajensu ne. Kada ka tare ƙofar kowa.

Jirgin ƙasa na layin Maynooth na tsayawa a tashar Drumcondra, tafiyar 'yan mintuna zuwa fili. Daga tashar Connolly, inda jirgin ƙasa na DART da jan layin Luas, jirgin nan mai bi ta kan titi, ke tsayawa, tafiyar ƙafa ce ta minti 15 zuwa 20. Bas mai lamba 16 da 41 na bi ta titin Drumcondra. Da katin Leap, wato katin biyan kuɗin bas da jirgi, Yuro 2 ya ishi babba tafiyar minti 90 ko da ya canza abin hawa. In tsabar kuɗi za ka biya a bas, sulalla kawai ake karɓa, kuma direba ba ya ba da canji.

In za ka iya, ka tako da ƙafa daga titin O'Connell tare da jama'a. A nan rabin daɗin ranar yake: tsofaffin gidajen jan bulo, tutoci a tagogi, kaka riƙe da hannun jika, gadar magudanar Royal Canal, sai filin ya bayyana a tsakiyar gidajen mutane kamar dutse.

Hattara: kowace rumfa da ƙofarta. Hogan ta titin Jones ake shiga. Hill da Cusack ta ɓangaren titin Clonliffe. Davin ta ɓangaren North Circular. Ka duba tikitinka ka nufi ɓangaren da ya dace tun daga nesa, domin in ka ɓata, zagayen na da tsawo. Ka isa saura awa ɗaya. Magoya bayan Dublin sun yi suna wajen zuwa a ƙurarren lokaci, ƙofofin Hill kan cushe a mintunan ƙarshe.

8. A cikin fili

Ka sayi ɗan littafin wasa a ƙofa. Lambobin 'yan wasa daga 1 zuwa 15 na bin matsayinsu ne, mai tsaron raga 1, 'yan tsakiya 8 da 9, kuma a gefen kowane suna an rubuta kulob ɗinsa. Ka nemi na unguwarku. Sunayen ƙungiyoyi a allo da harshen Irish suke: Dublin ita ce Áth Cliath, Kerry Ciarraí, Mayo Maigh Eo.

A manyan wasanni 'yan wasa kan zagaya fili a jere bayan makaɗan Artane, sannan kowa ya miƙe ya fuskanci tuta a rera taken ƙasa, Amhrán na bhFiann. Ka miƙe tare da su. In an nemi shiru na minti ɗaya don wani mamaci, ka yi shiru, ka ja yara su yi. Ba a buga ƙwallo daga tsakiya. Alƙali ne ke jefa ta sama tsakanin 'yan tsakiya. In an yi shakkar ko ƙwallo ta bi tsakanin sanduna, na'ura ce ke raba gardama a babban allo: Tá na nufin ta shiga, Níl ba ta shiga ba. Duk ɗan wasan da aka fitar da rauni, ko na wane ɓangare ne, tafi ake yi masa.

Abin da ba ka gane ba, ka tambayi na kusa da kai. Ban taɓa tambayar wani dattijo a wannan fili ya ƙi ba ni amsa ba. Yawanci ma sai ya haɗa maka da labarin wasan da ya kalla tun yana yaro. Hutun rabin lokaci layin banɗaki na da tsawo, in da yara kake ka tashi saura minti biyu.

9. Bayan an tashi, da wasannin waje

A Croke Park ba a shiga cikin ciyawa. Ka ɗan zauna minti 10 cunkoso ya ragu, kuma tun kafin a shiga ka nuna wa yara wurin haɗuwa in an rabu. Tashar Drumcondra na cika. Sau da yawa takawa zuwa Connolly ya fi sauri.

In ka saba, sai ka bi ƙungiya zuwa wasu garuruwa, Killarney ko Castlebar ko Galway, duk ta jirgin ƙasa daga tashar Heuston. Ka kama kujera a intanet da wuri, ya fi araha. A irin waɗannan filayen yara kan kwarara cikin fili bayan wasa su nemi sa hannun 'yan wasa a jikin rigunansu, saboda haka ka sa alƙalami mai kauri a aljihu.

Hattara ta ƙarshe, kuma mai nauyi ce: gasar ta haɗa tsibirin gaba ɗaya, amma filayen Armagh da Omagh da Derry suna Ayalan ta Arewa ne, ƙarƙashin Birtaniya. Babu shingen bincike a kan hanya, sai dai mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ko Ghana na buƙatar bizar Birtaniya kafin ya tsallaka, ko da yana da takardar zama a Dublin, kuma kuɗin can fam ne. Filin Clones, inda aka saba buga wasan ƙarshe na Ulster, yana gundumar Monaghan ne, a wannan ɓangaren iyaka. Ka dubi taswira kafin ka biya kuɗin bas ɗin magoya baya.